Fadama a Bisa Dutse

A bakin Binuwai, muna jiran jirgin fito ya tsallakar da mu Ibi, na gane mun yi nisa da gida. Ba faɗin ruwan ne ya gaya mini ba, ruwa mun gan shi a dam ɗin Bakolori har ya ishe mu. Gaisuwa ce ta gaya mini. Na durƙusa gaban wata mai kifi, na tambaye ta kwana, da gajiya, da mutanen gida, ina shirin tambayar kasuwa ta katse ni da cewa, "Na nawa za a ba ki?" Na koma mota da sauran gaisuwata a baki, ban san inda zan ajiye ta ba.

Mu biyu ne a tafiyar, ni da mijina Lawali, ɗan baffana, wanda nake ce wa Yaya tun ban iya magana sosai ba, aure kuma bai canza wannan ba. Shi yana ce mini Malama don na gama kwalejin horon malamai, ko da yake ban taɓa riƙe aji nawa na kaina ba. Ta ukunmu ita ce motar, tsohuwar jif koriya mai rufin tamfol. A tashar Talata Mafara, Fadama ake ce mata.

Sunan yana da dalili. Da aka datse kogi, ruwa ya hau a hankali ya shanye fadamar kakanmu ta gefen Maradun, wadda mahaifina da mahaifin Yaya suke nomawa tare, shinkafa da damina, albasa da dankali da rani. Na ga ranar da kan tsamiyar bakin gonar kaɗai ya rage a waje, tsuntsaye suna kewaya shi. Diyyar da aka ba su, tsofaffin biyu ba su raba ta ba. Suka haɗa suka damƙa wa Yaya, wanda ya koyi gyaran mota a garejin Turawan da suka gina dam ɗin, suka ce ya nemo abin da zai ci da gidajen biyu. Da aiki ya ƙare aka yi gwanjon tsofaffin motoci, ya sayi wannan. Gonarmu ta koma mai taya huɗu.

Ya yi jigila da ita tsakanin Mafara da Bakura da Birnin Tudu ranakun kasuwa, amma duk wanda aka sallama daga aikin dam sana'ar da ya faɗa ke nan, har motoci suka fi fasinja yawa. Sai wani falken shanu ya ba shi labarin Mambila, can ƙarshen Gongola a bakin iyakar Kamaru, inda babu kwalta, babu motar da ke iya hanya sai jif. Ya ce har malaman makaranta nemansu ake yi. Wannan maganar ce ta sa aka bar ni na bi shi.

Akwai wani abu da Yaya yake naɗewa a tsohuwar hula ya cusa ƙarƙashin kujerarsa. Geji yake ce masa. Kamar ƙaramin agogo ne mai allura ɗaya, da guntun tiyo a gindinsa, Baturen da ya koya masa aiki ne ya bar masa. Injin Fadama yana da ɗakuna huɗu da fistin ke hawa da sauka a cikinsu, su ake kira silinda. In za a auna, sai a cire fulogai, a cusa bakin geji a ramin fulogi, a taka totur har ƙasa, a murza makulli. Fistin ya matse iskar da inji ya shaƙo, allura ta yi tsalle ta tsaya. Fuskar gejin wani sashe kore ne, wani ja. Abin da Baturen ya koya masa gajere ne: kore lafiya, ja kuwa ringin fistin ya cinye, inji ya kusa mutuwa. Ya auna motoci da shi a Bakolori ba iyaka, bai taɓa yi masa ƙarya ba. Kafin mu taso ma sai da ya auna Fadama, ni na murza makulli. Duk huɗun kore.

A hawan Jos ta ɗan yi nauyi kamar mai jin barci. Yaya ya ce man da muka sha a hanya ne aka gauraya da kananzir. Da muka gangara wajen Shendam muka sha wani, sai ta ware. Ya buga sitiyari ya ce, "Ban hwaɗa miki ba? Ɓarayi!" Na yarda, don ban taɓa ganin ya yi kuskure a kan inji ba.

Bayan Ibi ƙasa ta canza fuska. Itatuwa suka yi tsawo suka haɗe kai, ruwan sama ya riƙa binmu kamar ya san inda za mu. Kafin Bali muka kafe a laka. Wasu mutane suka fito daga ciyawa da tabarya da igiya kamar dama jiranmu suke, suka fitar da mu bayan an yi ciniki mai zafi. Muna gaba kaɗan na waiwaya, na ga ɗaya daga cikinsu yana buɗe wata 'yar kwata da fartanya, yana mayar da ruwa kan hanya saboda motar da za ta biyo baya. Ban gaya wa Yaya ba. Gajiyar da ke fuskarsa ta ishe shi.

A Serti hocen dawar da Inna ta gasa ta ƙulla mana ya ƙare. Na zauna da ƙyallen da aka naɗo shi, ina tsintar ɓarɓashi da ɗan yatsa. Wata mai tuwo a tasha ta ji na ce "munka", ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kira maƙwabciyarta ta ce in sake faɗa. Na sake. Da ta ga idona ya kawo ruwa sai ta bar dariyar, ta ja hannuna zuwa bayan rumfarta, ta ba ni ruwan zafi da sabulunta na wanka. Ban tambayi sunanta ba, har yau abin yana damuna.

A Mayo Selbe hanya ta ƙare a gindin dutse. Na ɗaga kai har ɗankwalina ya zame, ban ga ƙarshensa ba, kamar bango aka gina tsakanin duniya da wata duniyar. Direbobi suna shan shayi a gefen hanya. Ɗaya ya dubi kayanmu, gado da buhunan dawa da akwatin littattafaina, ya ce, "Basakkwace, rage kaya ka dawo ka ɗauka." Yaya ya yi dariya, ya ce Fadama ta ɗauki ninkin wannan ranar kasuwar Bakura.

Hanyar tana naɗe da jikin dutsen kamar rawani. Dama bango, hagu rami, a wasu ramukan ana hango gawar motoci, ciyawa ta fito ta tagoginsu. Muna hawa Fadama tana raguwa. Daga giya ta biyu ta koma ta ɗaya, baƙin hayaƙi yana fita ta salansa. Kunnuwana suka toshe. A wata kwana ruwan lagireto ya tafasa, tururi ya rufe gilashi, Yaya ya taka birki ya ce in sauka maza in sa dutse a bayan taya. Dutsen da na ɗauko bai kai girman tukunya ba, amma da na ajiye shi sai na tsaya ina haki kamar na yi tsere. Haka muka yi ta yi, mu hau, ta tafasa, mu jira ta huce, har na daina duban rami, na daina duban komai sai bayan wuyan Yaya da zufa ke bi duk da sanyin da ake yi.

Da muka kai sama sai na manta da gajiya na ɗan lokaci. Tuddai ne masu laushi, kore shar, ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen gani, jajayen shanu masu dogayen ƙaho a warwatse a kansu. Gajimare a ƙasa yake tafiya. Ya tsallaka hanya a gabanmu a hankali, muka tsaya muka ba shi wuri.

A tashar Nguroje wani dattijo mai jar hula ya ga lambar motarmu, ya taso da hannu biyu a buɗe.

"Lale, lale da mutanen gida! Ina gajiya? Ina wahalar hanya? Yaya kunka baro Mahwara? Ina tsohhi, ina yara, ina ruwa?"

Ya yi ta jerowa muna amsawa, bai tsallake ko ɗaya ba. Rabona da jin gaisuwa ta kai ƙarshenta tun Gusau. Alhaji Mande sunansa. Ya ce shi mutumin Bakura ne, ya hau dutsen tun ba a yi mafarkin dam ba, yana da gareji da jif-jif da ke shiga Kamaru. Ya ba mu ɗaki a wani gidansa, ya aiko mana da tuwon masara, ya ce wa Yaya "ɗana", ni kuma "ɗiyata". Wannan alherin gaskiya ne, mun ci mun sha a cikinsa, ba zan goge shi ba saboda abin da ya biyo baya.

Taswira ta ce Nijeriya muke, amma ban taɓa jin ina ƙasata ba. Kasuwa da Fillanci ake ci. Da safe gajimare yakan shigo har ɗaki ya jiƙa mini littattafai. In na ɗebo ruwa daga rafi sai na huta a hanya, zuciyata tana bugu a kunne. Wake ya wuni a wuta bai nuna ba, na ɗora laifin a kan icen wurin. Hedimasta ya karɓi takarduna da ladabi ya ce in jira sabon zango. Maƙwabciyarmu wata tsohuwar Bafillata ce mai sayar da nono, kowa Dada yake ce mata. Ba ta jin Hausa, ba na jin Fillanci. Kullum da sassafe sai ta turo ƙofarmu da ƙafa, ta ajiye kasko cike da garwashi, ta dafa kaina, ta fita. Ta ba ni wani bargo mai warin hayaƙi da shanu. A cikinsa nake zama in rufe ido in ga zafin Mafara, irin wanda ke sa kwalta ta yi laushi, ina marmarinsa kamar abinci.

Aiki kuwa bai yi kyau ba. Fadama tana shan mai kamar an huda tanki, fulogai suna yin baƙi, Yaya yana gogewa suna komawa. Ranar da ya sami lodin wata kasuwa a cikin Kamaru ya ce in zo in ga ƙasar waje. Ya cika ta yadda ya saba a gida, buhu kan buhu, mutane kan buhu. Mun wuce iyaka, jandarma, ɗan sandan can, ya juya takardunmu ya yi magana da Faransanci ya miƙo. A wani tudu da bai kai rabin waɗanda muka hau ba, Fadama ta yi gurnani, ta tsaya, ta soma komawa da baya. Mata suka yi ihu. Maza suka dira suka tare ta da kafaɗa. Wata jif da ta girmi tamu, ƙofarta ɗaure da waya, ta zo ta wuce mu tana hon, direbanta ya leƙo ya ce, "Jaki za a kawo maka, Bahaushe?" Fasinjojin suka sauke kayansu suka jira wata motar. Abin da na gani na Kamaru ke nan: wani tudu, da bayan mutanen da suka juya mana.

Washegari da hantsi Yaya ya kai ta garejin Alhaji, ya warware tsohuwar hular. Alhaji yana tsaye da kofin shayi.

"Malama, shiga ki murza."

Na taka totur na murza makulli. Ta gilashi ina ganin fuskarsa, ban ga gejin ba. Ya goge shi da hannun riga, ya ƙwanƙwasa da farce, ya ce in sake. Ya koma rami na biyu, na uku, na huɗu. Da ya gama sai ya tsaya da abin a hannu kamar an ba shi jaririn da ba ya motsi.

Na sauko. Allurar tana cikin ja, ba can ƙasa ba, amma ta bar kore.

"Duka huɗun, Yaya?"

"Duka. Wuri guda."

"To ciwo na kama huɗu rana guda, kuma daidai wa daida?"

"Zahin hawan ga na," in ji shi, bai dube ni ba. "Sadda ruwa yat tahwasa, ringi duka sunka saki. Ni nik kashe ta. An ce in rage kaya."

Alhaji ya ajiye kofi ya yi salati. Yaya ya miƙa masa gejin ya gani, ya ɗaga hannu bai karɓa ba.

"Ni ban san abin Turawa ba, ɗana. Naka na, kai ka san harshenai."

"Ana samun ringi nan, Alhaji?"

"Nan? Sai Jos. Ka aika, ka jira, ga damina ta kankama, wata rana hanya ta yanke sai kaka."

"To in lallaɓa ta in sauka."

Alhaji ya dube ni, ya dube shi. "Da wagga yarinya ciki? Kai makanike na. Injin da ba ya da matsi, mi za ya riƙe mota ga gangare? Birki kaɗai? Ba ka ga waɗanda ke kwance cikin ramu ba?"

Maganar daidai take da abin da Yaya ya sani: a gangare inji ne ke riƙe mota, birki taimako kawai yake yi. Guzurinmu ya ƙare, sama ba ta da aiki, ƙasa ba ta saukuwa. Ya yi kwanaki yana kewaya ta, yana buɗe bonet yana rufewa. Alhaji bai matsa masa ba ko sau ɗaya. Tuwon masara bai fasa zuwa ba. A ƙarshe Yaya ne da kansa ya je ya ce ko zai saye ta, ko don ƙarafunanta. Alhaji ya ce ba don yana bukata ba, sai don kada ɗan gida ya wulaƙanta a baƙon wuri.

Bayan la'asar aka yi cinikin, gaban dattawa biyu na tasha. Ina laɓe a bayan ƙofar gareji. Abin da aka ambata kuɗin ƙarfe ne, ba kuɗin mota ba. Ɗaya daga cikin dattawan ya tambayi Yaya ko an tilasta shi, ya ce a'a. Ya tambaye shi ko akwai aibin da ya sani, ya ce inji ya mutu, shi ya auna da hannunsa. Aka haɗa hannuwansu.

"Na sallama."

"Na karɓa. Allah shi sa albarka."

Aka shafa fatiha. Na shafa tare da su a bayan ƙofa, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Tari ya kama Yaya a makon, ya kwanta. Dada ta riƙa dafa ganyen wasu dogayen itatuwan garin masu ƙanshin magani, ta lulluɓe shi da bargo a kan tukunyar, tana yi masa faɗa da Fillanci. Wata safiya muka ji kukan Fadama ta wuce bayan gida. Ba mai ɓata mana wannan kukan. Yaya ya juya fuska bango ya ce, "Alhaji ya samo ringi ke nan. Mai hali ba ya jiran Jos." Da ya sami ƙafa ya ce gida za mu. Ban yi gardama ba, sabon zangon ma na daina jiransa. Alhaji ya ce ba za mu biya kuɗin mota ba, akwai mai sauka Serti da lodin dankali. Dada ta ƙi karɓar bargonta. Ta raka mu tasha, tana riƙe da gefen zanena har muka isa.

Motar da ke jiranmu Fadama ce.

Direban wani ƙaton Bafillace ne mai yawan dariya, Hammadu. Ya ba Yaya gaba, ni na zauna a baya kan buhu, daidai inda akwatin littattafaina ya zauna da muna hawa. Muka soma gangara. Ya sa ta a ƙaramar giya, ta riƙe kanta a kowace kwana ba tare da ya wahalar da birki ba. Can tsakiyar dutse kunnuwana suka buɗe, iska mai ɗumi ta shigo ta tamfol, na ja numfashi ya kai har ƙasan cikina, abin da na manta ana yi. A daidai nan na ji muryar injin ta canza, ta yi kauri, ta koma irin wadda take yi a hanyar Bakura. Yaya ya karkata kai yana saurare.

A Mayo Selbe aka tsaya sallar azahar. Hammadu ya buɗe bonet zai ƙara ruwa, Yaya ya leƙa. Ya daɗe yana duban notinan kan injin. Baƙin maiƙon da ya daskare a kansu tun Mafara yana nan, sifana ba ta taɓa shi ba.

"Malam Hammadu, ta ina anka sa mata ringi?"

"Ringi? Wannan? Ko kanta ba a buɗe ba. Na rage wa kafireto mai, na wanke fulogi, na daina loda mata kayan jirgin ƙasa. Shi ke nan."

Yaya ya kwance ƙullin kayanmu ya fito da hular. "Ka yi mini izini in auna?"

"Auna mana, motar ba ta jin kunya."

"Malama."

Na shiga na zauna a kujerar da ba tamu ba, na taka, na murza. Wannan karon ya juyo mini da fuskar gejin ta gilashi. Kore. Na biyu kore. Har na huɗu.

Hammadu ya leƙa ya kwashe da dariya. "Kai, kar dai a sama ka auna ta! Wayyo mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa! Malam, ai a Nguroje ko yau aka fito da mota daga kamfani, ka sa mata wannan abin, ƙasa zai nuna. Shi abin da inji ya shaƙa yake matsewa. Iskar can ba ta da kauri. Ka cika mudu da audugar da aka yi wa shiɓa, ka danna, me za ka samu? Ba ka ga kai ma haki kake yi ba? Mu can ba ma duban kore da ja. In huɗun suka tsaya kai ɗaya, inji lafiya lau. Wanda ya bar 'yan'uwansa a baya shi ne mara lafiya."

Sai ya lura ba mai taya shi dariya. Ya dubi Yaya, ya dube ni, ya dubi motar. Dariyar ta tsaya.

"Kai ne mai ita?"

"Ni na, dā." Yaya ya naɗe tiyon gejin a hankali. "Alhaji ya san wanga abu?"

Hammadu ya ɗaga kai ya dubi dutsen. Ya kurɓi ruwan butarsa ya furzar. "A saman nan gemunsa ya yi fari," in ji shi.

Na matso kusa na yi ƙasa da murya. "Yaya, mu koma. Dattawan suna nan. A gaya musu."

"In ce musu mi? Shi bai ce inji ya mutu ba, ni nic ce. Gejina, hannuna, bakina. An tambaye ni ko an tilasta ni. Na ce na sallama, an shahwa hwatiha. Ko an ce in hau, Malama, ƙahwahuna ba su iya dutsen ga kuma."

Ya ɗauki fulogan ɗaya bayan ɗaya, ya goge su da gefen rigarsa, ya duba bakin kowanne a hasken rana, ya ɗaura su da hannu kafin ya sa sifana, yadda yake yi kullum don kada zare ya ci. Ya gaya wa Hammadu cewa ba ta son a fizgi giya ta biyu, kuma tiyon lagireto na ƙasa yana son canji kafin rani. Hammadu ya ce to, to, Malam, in sha Allahu. Ya sayo mana dafaffen ƙwai da burodi, ya ƙi yarda mu biya. Daga nan har Serti bai ƙara yin wasa ba.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Bayan manyan motoci ne, da jira a tasha, da barci a zaune. Yaya yana tari, ni ina riƙe da bargon Dada da ya zama kaya tun daga Bali, na kasa yar da shi.

Da yamma muka isa sabon matsugunin da aka ba mutanenmu a kan tudu mai tsakuwa, inda ake hango ruwan dam yana ƙyalli. Tsofaffin biyu suna zaune a rumfar ƙofar gida a kan tabarma ɗaya. Muka durƙusa. Aka yi gaisuwa, doguwa, babu wanda ya yi gaggawa. Duk tsawonta Baffa yana duban hanyar da muka fito ta bayan kafaɗarmu. Da aka gama ya ce, "Lawali, ina Hwadama?"

"Tana can bisa dutse, Baba."

"Lahiya dai?"

Yaya ya dubi hannuwansa.

"Lahiyatta lau," in ji shi.

Baffa ya daɗe yana kallonsa. Mahaifina ya tattara bakin rigarsa, ya matsa gefe a kan tabarmar, ya ba Yaya wuri.